Gayyar Da Babu Burukutu

Ni Ɗanladi, tun da aka haife ni ban taɓa sauka daga kan maganata ba. Ku tambayi duk wanda ya san ni a Lafiya, daga masu keke napep da ke sayen taya a shagona har zuwa dattawan cocinmu. In na ce a'a, ko gwamna ne ya zo da jiniya sai dai ya juya. An ce ranar haihuwata ma ungozoma ta so in yi kuka na ƙi, sai da ta haɗa ni da girman Allah. Abin da kawai zan ƙara, don kada ku ji a bakin maƙiya, shi ne rigar da ke jikina yanzu ba ita na yi niyyar sawa ba. Matata Talatu ce ta ce waccan tana mayar da ni kamar buhun gawayi. Shagon ma rediyo na so in sayar, ita ta ce taya. Amma in ka cire waɗannan, da wasu 'yan ɗaruruwan abubuwa makamantansu, ni dutse ne.

To, bari in daina. Taurin kai na ainihi, wanda ba a samu a kasuwa, a wurin mahaifiyata Rahila na gan shi. Bana Allah ya kira ta gida, kuma tun da muka rufe ta ba abin da ke dawo mini kamar wani maraice guda a bakin wuta, lokacin ina yaron firamare.

Ƙauyenmu yana bayan Assakio, inda hanyar mota ke gajiya ta miƙa wa ƙafa aiki. A gidanmu in an gama cin tuwo sai a jawo itace daga murhu a hura wuta tsakanin kicin da rumbu, a zube agushi a faifai, mu kewaye Kaka, uwar babana. Kaka ba ta ba da tatsuniya kyauta. Duk yaron da hannunsa ya tsaya da ɓare agushi, ita ma bakinta ya tsaya, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta haɗiye marainiya. Sai ka ga mun rufar wa mai lalacin da zagi. Tana da tata hanyar buɗewa da ban taɓa ji a bakin wata tsohuwa ba. Sai ta kai hannu cikin iska ta damƙe, ta ce, "Na kamo ta a wutsiya." Mu kuma mu ce, "Sake ta, Kaka, mu ga gudunta!" Ni take kira mijinta, tana cewa ba ta taɓa auren rago mai ƙaton ciki irina ba, ni kuma in ce zan sake ta in auri mai haƙora.

Mama ba ta shiga wannan. Tana can gefe tana kankare tukunya ko tana tsefe igiyar ɗaure doya, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ba ta hana mu sauraro, amma in dodo ya yi yawa a labari sai ka ji waƙar ta ƙara ƙarfi, kamar mai korar sauro da hayaƙi. Mace ce 'yar siririya, ba ta da tsawo. Kafin zakara ya yi tunanin cara ta riga ta durƙusa tana lissafa wa Allah sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da na akuya in ba ta da lafiya. Kaka kuwa Kirsimeti kaɗai take zuwa coci, shi ma sai ta tabbatar za a raba shinkafa.

A shekarar da nake magana, damina na shirin ɗaukewa Baba ya faɗa kwari da kekensa, ya karye a cinya. Mai ɗori ya ɗaure shi da sanduna ya ce kada ya kuskura ya taka ƙasa. Wanda bai san noman doya ba zai ce ai sai a jira ya warke. Doya ba ta jira. Kunyarta, wato tulin ƙasar da ake binne iri a ciki, ana tayar da ita ne da ƙarshen ruwa, ƙasa na da laushi. In ka bari ta bushe, sai dai garmarka ta yi ta fitar da wuta. Kuma aikin maza ne. Mace da fartanya aka san ta, wurin cire ciyawa. Garma kuwa, wadda bakinta ya kai faifai faɗi, ba a taɓa ganin ta a kafaɗar mace ba.

Ga kuma dokar gidanmu. Ƙasa ta dangi ce, babban wa ke rabawa. Duk gonar da rani ya same ta ba kunya, ta koma hannunsa ya ba mai iya nomawa. Babban wan kuwa shi ne yayan babana, wanda muke kira Baba Babba, mutum mai 'ya'ya maza kamar an zubo su daga buhu, kuma ya daɗe idonsa na kan gonarmu, musamman ɓangaren da ya gangara fadama.

Maganin irin wannan matsala sananne ne, a kira gayya. Mazan ƙauye su fito da garmunansu su gama maka gona, kai kuma ka ciyar da su, ka jera musu tulunan burukutu a inuwa. Abinci ana iya yafe maka in ya yi ƙaranci. Burukutu ba a yafewa. A nan aka zo wurin.

Don kuwa kakata ta wajen uwa ita ce gwanar burukutu a duk yankin, kuma Mama ta gaji hannun tun tana budurwa. Dattawa in suna tuna wanda take dafawa a da, har lumshe ido suke. Amma ranar da aka yi mata baftisma a rafi ta yi alkawari ba za ta ƙara jiƙa dawa don giya ba. Ta dawo gida ta kwantar da babbar tukunyar a bayan kicin, kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Saboda haka da labari ya bazu cewa Ayuba, wato babana, ya karye, rabin mazan ƙauyen jaje suke, rabi kuwa haɗiyar yawu. Kowa ya ɗauka a ƙarshe wahala ta kawo Rahila gaban tukunya.

Baba Babba ya zo da kansa, ya zauna a turmi.

"Matarmu, ba wanda ya ce ki sha. Dafawa kawai za ki yi. Allah ya hana girki ne?"

"Yaya, zan daka sakwara har kowa ya kasa tashi. Zan yi kunun zaƙi. Akuyata ma zan yanka."

"Kunu!" Ya juya ya dube mu kamar muna da hannu a ciki. "Kun ji ko? Kunu. Suna za mu zo ko gayya? Garma ba ta tashi da kunu, matarmu."

"To, sai ta kwanta."

Daga cikin ɗaki Baba ya ɗaga murya. Shi ma ɗan coci ne, amma irin wanda ke ganin Allah na da sauƙin kai in an yi masa bayani a tsanake.

"Rahila, sau ɗaya tak. Ni zan je in yi wa Fasto magana in na warke."

"Ba Fasto na yi wa alkawari ba, Baban Ɗanladi."

Baba Babba ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce shi ba ya faɗa da mace, amma ta sani, ranar da ƙasa ta bushe zai zo da turaku, kuma inda kunya ta tsaya nan gonar ƙaninsa ta tsaya. Mama ta raka shi har ƙofa ta ce ya gai da gida. An aika wa maza cewa akwai gayyar kunu. Ranar aka ga ciwon baya ya sauka a ƙauyen kamar annoba. Har wani dattijon cocinmu, wanda amin ɗinsa ke girgiza kwanon rufi, ya aiko cewa ƙugunsa ya riƙe.

Da maraicen nan muka zauna bakin wuta kamar kullum. Kaka ta kamo tata a wutsiya, muka ce ta sake ta. Sai ta ba mu labarin wata tsuntsuwa mai farin baki da ta ce ita ba za ta sha ruwan tafki ba, don kwaɗi na wanka a ciki. Rani ya yi, kowa ya sha ya rayu, ita ta kafe a reshe tana goge bakinta, har 'ya'yanta suka bushe a sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Da iska ta kaɗo ta ƙasa, dabbobi suka taru suka ce kai, ba a taɓa ganin gawa mai tsabtar baki irin wannan ba. Kaka ba ta ko kalli inda Mama take ba, amma ko akuya ta san da wa ake.

Sai muka ji cokali ya daina kankare tukunya. Mama ta taso, tana goge hannu a zani, ta ture ni ta zauna a tabarma. Ba ta taɓa yin haka ba.

"Ni ma ina da tawa," in ji ta.

"Ke?" Kaka ta ce. "To kamo ta mana."

"Ni ba na kamun wutsiya, Mama. Ku dai ji."

Gaskiya ita ce mahaifiyata ba ta iya tatsuniya ba. Ba waƙa, ba canza murya, tana faɗa kamar mai karanta sanarwa a coci. Ta ce a da can ɓauna ne kaɗai ke iya tula ƙasa, da ƙahonsa, kuma duk mai son gini a daji sai ya kira shi. Shi kuwa ba ya aiki sai an ba shi abin da zai juya masa kai. Wata rana mijin gara ya kwanta ciwo, ga ruwa na zuwa, ba su da ɗaki. Ɓauna ya ce a kawo tulu. Gara ta ce ba ta da tulu, kuma ko tana da shi ba za ta kawo ba. Ya ce to da me za ki yi gini, ke da ko ƙaho ba ki da shi? Ta ce da baki. Ta ɗauki ƙwayar ƙasa guda, ta jiƙa da yawu, ta ajiye. Ta koma ta ɗauko wata. Ɓauna ya yi dariya har ya faɗi, ya kira 'yan'uwansa su zo kallo. Ita dai ba ta ɗago ba. Can sai wata gara ta zo wucewa ta tsaya, ta ɗauki tata ƙwayar.

"Yanzu ku faɗa mini," in ji Mama, "in kun shiga daji, ginin wa kuke gani tsaye? Suri ko ɗakin ɓauna? Shi ke nan. Amin."

"Amin?" Kaka ta tafa hannu. "Yau na ga tatsuniya da amin! Wannan ai wa'azi ne aka sa masa fatar dabba. Kuma garar taki, ba ita ce ta cinye mini ƙofar rumbu ba?"

"Ita ce. Kin ga ke nan ba a raina ta."

Muka fashe da dariya, har Baba daga ɗaki sai da ya yi, ya koma yana nishi saboda cinya. Kaka ta tsuke baki ta ce a ci gaba da ɓare agushi.

Ranar Lahadi bayan sujada, mata suna zaman zumunta, Mama ta miƙe. Ba ta roƙi kowa ba. Cewa ta yi gobe za ta ɗauki garmar mijinta ta tafi gona, duk mai son dariya ya zo da wuri don ya samu wurin zama mai kyau.

Kuma sun zo. Maza suka jeru a ƙarƙashin mangwaron bakin gona, masu ciwon baya duk sun samu sauƙi. Mama ta ci ɗamara, ta ɗaga garmar da ta kusa rinjayar ta, ta kafta. Kunyar farko da ta tayar, wallahi in ka binne ɓera a ciki wutsiyarsa za ta leƙo. Wani ya ce, "Rahila, doya za ki shuka ko gyaɗa guda?" Wani ya ce a kira mai hoto. Ba ta ɗago ba. Ni an bar ni da tulun kunu, kuma ina tabbatar muku na tsare shi da gaske, don mafi yawansa a cikina na ɓoye shi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Mama Saratu, aminiyarta, wata ƙatuwar mace mai muryar da ake ji daga can garin Ashige, da garma a kafaɗa. Mijinta na cikin 'yan kallo. Ya miƙe.

"Saratu! Garmar wa ke nan?"

"Taka ce. Na ga tana kwance tana ciwon baya, na ce bari in fito da ita ta sha iska."

Bayan ita wasu suka biyo, yau kaɗan, gobe da ɗan dama, wasu mazansu suka hana. Suna aiki suna rera waƙoƙin coci, waɗanda ba a yi su don garma ba, sai ka ga waƙa ta yi gabas sara ya yi yamma. Tafin hannun Mama ya kumbura ya fashe. Da yamma ta shafa man kaɗanya ta naɗe da tsumma, da safe ta koma. Kunyoyin suka fara girma, duk da layinsu kamar maciji ne ya auna. 'Yan kallo suka ragu, don dariya ma tana gajiya. Amma ruwa ya ɗauke, kowace safiya ƙasa na ƙara tauri, har ranar da garmar Mama Saratu ta daki ƙasa ta dawo mata. Sun ci kusan rabin gona. Ɓangaren fadama, wanda ya fi kowanne albarka, ba su kai ba.

Baba Babba ya cika alkawarinsa, ya zo da turaku da 'ya'yansa. Sai ya tarar da Kaka, wadda ba ta taka gona ba tun kafin a haife ni, zaune a ƙasa can gaba da kunyar ƙarshe, ta miƙe ƙafa tana tauna goro.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Ina hutawa. Iyaka tana nan inda na zauna. In kana da ƙarfi ɗaga ni."

"Ba ke kika ce matar nan za ta kashe 'ya'yanta da taurin kai ba?"

"Na ce, kuma gobe ma zan ce. Surukata ce, ni ke da ikon zaginta. Kai wa ya ba ka?"

Ya juya ya kira yaro ya kawo turke. Kafin ya juyo, tsohuwar ta ja gindi ta ƙara gaba. Ya ga abin da ta yi, mu ma mun gani. Na rantse da a ce ya yi ta juyawa, da Kaka ta kai mu Makurdi da gindi. A nan dai ya kafa turakunsa, ya ɗauke fadama.

Kada in yi muku ƙarya, ba mu ji daɗin shekarar ba. Doyar ta fito ƙanana, rogo muka fi ci. Baba ya tashi da ɗingishi, kuma fadamar ba ta dawo ba har ya rasu. Akwai ranar da na gaji da tuwon rogo na ce wa Mama da ta dafa musu abinsu sau ɗaya da yanzu sakwara muke ci. Ta dube ni ta ce, "Da sakwara kake ci, da wata uwar ce ta daka maka. Cinye ka ba ni kwanona."

Ina yaro na ɗauka labarin gara yana nufin ƙarami zai ka da babba. Sai da na girma na lura ai Mama ba ta ka da kowa ba. Rabin gona ta rasa, kuma na tabbata tun ranar da ta ce garma ta kwanta ta san za ta rasa. Manomiya ce, ta fi kowa sanin abin da hannun mata zai iya kafin ƙasa ta bushe. Ta duba abin da a'a za ta ci mata, ta ga da tsada, ta ce a ba ta haka nan. Kuma ban taɓa jin ta yi gori da abin ba, ko ta yi kuka da shi. Ta ci gaba da noma rabin nan har bayanta ya lanƙwashe, ta yi mana makaranta da shi, kuma duk shekara doyar farko coci take kaiwa a ka, ta biyu kuwa ta aika wa Baba Babba. Har yau ban gane ba ko kirki ne wannan ko tsokana. Ina zargin duka biyun ne.

Kwana kaɗan da binne ta, baƙi ba su gama watsewa ba, sai ga Audu ɗan Baba Babba da wani mutum mai ƙaton agogo. Wai hanya za ta biyo ta wajen, a yanka gonar filoti-filoti a sayar, tunda ni ɗan birni ne, Talatu kuma ba ta san ko ta ina ake riƙe fartanya ba. Sai na ji wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ce ba za a sayar ba. Audu ya ce to wa zai noma? Ka san dokar gida. Na ce ni. Talatu ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu, kuma abin mamaki ta rufe. Ku rubuta wannan, don ban san ko zai sake faruwa ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko garmar Baba, na saɓa, na nufi gona, jama'ar makoki na biye da ni. Na tuɓe riga na ba yaro. Na tofa yawu a tafi kamar yadda na ga maza na yi. Sara na farko ƙasa ta ji ni. Na biyu ni na ji ta. A na uku wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, sama ta yi duhu, na ga taurari da rana tsaka, har da waɗanda ba a gano ba tukuna. Amma ban saki garma ba. Na dogara da ita ina huci, na ce wa Audu ya je ya faɗa wa mai agogo jinin Rahila bai ƙare ba, kuma gonar nan tana nan.

Mama Saratu tana gefe a kan kujerar roba, ta tsufa, ido ya rage, amma muryar na nan yadda take. Sai ta nuna ni da sandarta.

"Gona kam ba za a sayar ba, jikokina za su tayar maka da kunya. Amma Ɗanladi, don Allah ajiye garmar nan. Ko tukwanen jana'izar uwarka ba mu gama wankewa ba."